Takabar Mai Garma

"Ba zan faɗa ba, Yallaɓai."

Malam Abatcha ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Shi ne shugaban makarantar 'yan matan da nake koyarwa a Kazaure, makarantar kuɗi, kuma aminin mahaifina ne tun suna samari a Babura. A waje Baba nake ce masa, a ofis Yallaɓai. Ranar shi ya fara ajiye muƙamin gefe.

"Zulaikha, 'yata, ba fa cewa na yi ki yi sata ba. Magana ɗaya ce. Gobe ki shiga aji, shugaban iyaye yana tsaye, ki ce matar nan ta cikin littafi marar mutunci ce, kada yara su yi koyi da ita. Shi ke nan, kowa ya kama gabansa."

"In na faɗa na yi ƙarya."

"Wa za ki yi wa ƙaryar? Matar da ba a taɓa haifa ba? Wani Bature ne ya zauna ya ƙaga ta, shi ma ya mutu tun kakanki yana rarrafe."

"Akwai wadda aka haifa, Baba. 'Yarta tana zama a layi na biyu, kusa da taga."

Ya san wadda nake nufi. Ya ce, "Makarantar nan iyaye ne ke riƙe da ita. In kin ƙi, ba ni da ƙarfin da zan riƙe ki. Kin ji na gaya miki tun da rana."

Na ce na ji. Na yi masa sallama na fita.

Littafin da ya jawo wannan duka tsohon ƙagaggen labari ne na Amurka, ya haura shekara ɗari da rubutawa, muna nazarinsa a darasin adabi da 'yan aji biyar. Labarin wata mata ne da mijinta, manoman alkama a wata karkara mai tsananin sanyi, inda lokacin shuka gajere ne: ƙanƙara na narkewa sai a yi sauri, wanda ya makara ya rasa shekara. Ana tsakiyar huɗa zazzaɓi ya kwantar da mijin, bai tashi ba. Ya bar ta da yara ƙanana da dawakai biyu. Sunanta ya gagari harshen ɗalibaina, sai suka raɗa mata Mai Garma, ni ma na bi su.

Ni ba na ba da hadda. Malamin da na gada yakan rubuta a allo cewa wane mugu ne, wance mai haƙuri ce, yara su kwashe su zuba a jarrabawa. Na ce musu a ajina ba a yanke wa mutum hukunci sai an duba abin da ya yi, da abin da ya faɗa, da abin da ya ƙi faɗa, sannan a duba masu magana a kansa su wane ne. Da farko sun ƙi jinin tsarin. Daga baya sai na riƙa jin su a bakin famfo suna gardama kan mutanen littafi kamar 'yan unguwarsu.

Ranar da muka iso babin binne mijin, ni na karanta musu da kaina. An binne shi da yamma. Gari na wayewa matar ta ɗaura wa dawakai garma ta shiga gona, maƙwabta sun jeru a bakin shinge suna kallo.

Mu'minat ta ɗaga hannu, ba ta ma jira na kira ta ba. Yarinya ce mai kaifin kai da kaifin baki, 'yar Alhaji Jalaluddeen, babban ɗan kasuwar hatsi kuma shugaban kwamitin iyaye.

"Malama, tsaya. Wai ba ta yi takaba ba?"

"Su ba su da takaba irin tamu," na ce. "Baƙaƙen kaya suke sawa."

"To ko baƙin ta sa?"

"Ta sa. Sai ta tattare bakin rigar ta soke a ƙugu don kada garma ta kama."

Aji ya kaure. "La ilaha illallahu! Jiya-jiya aka rufe mutum, yau tana bayan doki!"

"Wallahi da ma jira take yi ya mutu."

"Ku bincika da kyau, ƙila ita ta zuba masa wani abu a shayi."

Na bar su suka yi dariyarsu, don ban ga laifinsu ba. Kowacce a cikinsu ta taɓa ganin mai takaba: ba kwalli, ba turare, murya ƙasa-ƙasa, wata huɗu da kwana goma a ɗakin miji. Da wannan ma'aunin suka zo, kuma duk wanda ya buɗe littafi da ma'aunin gidansu yake buɗe shi.

Sai wata murya ta fito daga wajen taga. Nafisat ce, yarinya daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, tana zaune wurin gwaggonta a Kazaure don karatu. Na san mahaifinta ya rasu a farkon damina, har na yi mata gaisuwa da ta dawo. Tun daga lokacin ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba sai ranar.

"Malama, in ba ta yi shukar ba, me yaran za su ci?"

Mu'minat ta juya. "Ke ai dole ki ce haka. Halin gida ne."

Dariyar ta ɗauke ɗif. Nafisat ta sunkuyar da kai, ta kama gefen hijabinta tana murzawa. Daga yadda sauran suka kawar da ido na gane kowa ya san wani abu, ni kaɗai aka bari a baya. Dangin su Mu'minat daga ƙauyen su Nafisat suka fito, labari kuwa ba ya jiran mota.

Ban tsawata wa kowa ba. Na ce su buɗe shafi na gaba.

A can marubucin ya nuna layin huɗar ƙarshe da mijin ya yi, zazzaɓi na cinsa, hannunsa na rawa, layin ya karkace kamar bakin lauje. Yayan mijin ya zo, mutum mai sanyin murya, ya ce mata ta sayar da gonar ta koma gidansa da yaran, in kuma dole sai ta yi noman, to ta fara gyara karkataccen layin nan, abin kunya ne. Ta sa garma a gefen layin mijin ta bi shi yadda yake, na gaba ya bi na baya, har gonar gaba ɗaya ta ɗauki karkatar.

"Yawancinku 'ya'yan manoma ne," na ce. "Akwai manomin da zai bar huɗarsa a karkace da gangan?"

"Babu," suka ce.

"Ta fi sauƙi ko ta fi wuya?"

"Ta fi wuya, Malama. Dabba ba ta son kwana."

"To me ya sa ta yi?"

Sai wata daga baya ta ce a hankali, "Don kada ta shafe hannunsa."

Na ce to ga kukan da kuke nema. Tun daga farkon littafin har ƙarshensa marubucin bai sa mata hawaye ko sau ɗaya ba, a hannunta ya sa baƙin cikin. Na ce su dubi maƙwabciyar da ke kawo mata burodi kullum, ta zauna ta ƙare wa ɗaki kallo, ta fita ta rarraba abin da ta gani: ita ce kowa a garin yake kira mutuniyar kirki. Na ce su tambayi kansu dalilin da ya sa marubucin ya ba masu kallo daga shinge baki, ya hana mai aikin. Ban wanke Mai Garma tas ba. Tana da girman kai, ba ta iya godiya ba, kuma tana gallaza wa babbar 'yarta da aiki har yarinyar ta fara tsoronta. Amma na ce jaruma ce. Wannan kalmar ita ta bi Mu'minat gida.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Gwiwa, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauyen. Na ce wa kaina gaisuwa zan je yi, gaskiyar kuwa so nake in gani da idona. Na tarar da gidan su Nafisat ba kowa sai wata tsohuwa, ta nuna mini hanyar gona da haɓa, ba ta ko amsa sallamata da kyau ba.

Saude, mahaifiyar Nafisat, tana duƙe a cikin gero da fartanya. Geron ya kai gwiwa, ciyawa na neman cin rabinsa. Tsohon zane ne a jikinta da mayafi mai kauri, kunnenta ba ɗan kunne, idonta fari fat ba kwalli. Da ta miƙe na ga ba ta girme ni da yawa ba.

"Sannu da aiki, Yaya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki. Ke ce malamar Nafisat? Ta ce kina da faɗa."

"Ita ta ce?"

"Ta ce faɗanki na gaskiya ne." Ta yi ɗan murmushi, ta goge goshi da gefen mayafi. "Kin zo kallon mai takabar da ke noma? Ki kalla da kyau, wasu daga bayan dutse suke leƙe."

Na ce Allah ya sawwaƙe, na zo gaisuwa ne. Muka koma gindin wata ƙirya muka zauna. Ta ce mijinta ya yi shuka da ruwan farko, bai ga tsiro ba. 'Yan'uwansa kowa na fama da tasa gonar, sun yi mata alkawarin gayya in sun gama, ciyawa kuwa ba ta san alkawari ba. Ta je ta tambayi liman ta bayan zana, ya ce mai larura tana iya fita da rana, ta dai kwana a ɗakinta, ta nisanci ado. Haka take yi.

"Amma mata sun ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na fito. Wata ta ce wai miji nake nema a gona." Ta yi dariya gajeriya. "A gona, Malama! In akwai shi a nan ai da ya karɓi fartanyar."

"Ba ki ba su amsa ba?"

"Mai takaba ba ta ɗaga murya. Kuma damina ba ta san takaba ba. In na zauna a ɗaki na cika musu ido, da rani su za su ciyar mini da yara?" Ta dubi geron. "Shi ya zuba irin nan da hannunsa. Ba zan bar ciyawa ta cinye shi ina kallo ba."

Ban gaya mata komai game da littafin ba. Na karɓi fartanyar na yi layi ɗaya, hannuna ya yi bororo, ta ƙwace abarta tana cewa 'yan boko sai alli.

Ranar Litinin Malam Abatcha ya kira ni ofis, muka yi maganar da na fara da ita. Alhaji Jalaluddeen ya kawo ƙara cewa ina yabon matar da ta tsallake gawar mijinta ta tafi gona, kuma wasu iyayen sun ce za su kwashe 'ya'yansu.

Da na koma gida na gaya wa kakata, Hajja Kaka, wadda nake zaune da ita. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Kanki dai kamar dutsen Roni. Ubanki ya sayar da shanu ya kai ki jami'a don ki zo ki yi dambe a kan Baturiyar takarda?"

"Ba a kanta ba ne, Hajja."

"Na sani. Ni ma na yi takaba, na san bakin mata." Ta watsar da tsakuwa. "Amma wanda ya ce zai tsaya a rana, kada ya zo yana tambayar inda inuwa ta tafi."

Washegari suka shigo ajin tare, Malam Abatcha a gaba, Alhaji a baya da babbar riga. Yara suka miƙe suka gaishe su. Alhaji ba irin mutumin da na zana a raina ba ne. Dattijo ne mai natsuwa, ya gaishe ni da mutunci kafin ya yi magana.

"Malama, ni ban zo gardamar fiƙihu ba, na san abin da malamai suka ce game da larura. Abin da ya dame ni yabon ne. Yau kin ce musu jaruma ce, gobe kowacce ta ga zaman ɗaki wauta ne. Ni ina bin hanya kullum, Babura, Nijar, mota ba ta da tabbas. In na faɗi, so nake a zauna mini. Ko na ɗan lokaci ne, a san an yi rashi. Wannan laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, Alhaji," na ce. Har zuciyata na faɗa. Tsoron a manta da mutum ba ƙaramin tsoro ba ne, kuma ban taɓa jin namiji ya faɗe shi a fili haka ba.

"To ki gaya musu."

Malam Abatcha ya dube ni, idonsa na roƙo. Na dubi layi na biyu. Nafisat ta kafa ido a kan tebur, ta riƙe gefensa da hannu biyu kamar mai jiran bulala. Duk abin da zan faɗa game da Mai Garma, ajin nan gaba ɗaya ya san a kan wa zai sauka.

Na juya ga yaran.

"Takaba umarnin Allah ce, kuma duk wadda ta samu mai ɗauke mata nauyi ta zauna a ɗakinta, ta gode masa. Ban taɓa ce muku wani abu ban da wannan ba. Amma an ce in gaya muku matar nan marar mutunci ce, ni kuwa na karanta littafin nan sau da yawa ban ga haka ba. Na ga macen da aka bari da yara da gona, masu iya taimakonta suka tsaya a shinge suna ƙirga mata hawaye. Ba ta manta da mijinta ba. Kun ga layin da ta bi. Na ce jaruma ce, yau ma haka na ce. Duk macen da ta yi irin abin da ta yi, a can ko a nan, haka zan ce mata."

Alhaji ya gyara rigarsa, ya ce, "To, Malama. Allah ya ba mu alheri." Ya fita ba tare da fushi a fuska ba, wannan ya fi mini ciwo. Malam Abatcha ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, sai ya ce kawai in same shi in an tashi.

Sauran mintocin darasin na ci gaba da babin da muke kai. Na yi tambaya game da babbar 'yar Mai Garma, me ya sa ta daina yi wa uwarta magana. Hannu biyu suka tashi. Ɗaya na Nafisat ne, a miƙe sosai, kanta a ɗage. Ɗayan na Mu'minat ne, ta ɗaga shi rabi, ba ta kalli kowa ba. Na kira Nafisat.

"Don uwar ta ga gona, ba ta ga yarinyar ba," ta ce. "Ita ma ai ubanta ne ya mutu."

Wannan amsar ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma ta fi duk abin da na faɗa a zangon nan. Ita ce amsa ta ƙarshe da na ji a ajin.

Da aka tashi Malam Abatcha ya sallame ni daga aiki. Bai ɗaga murya ba, har ya rako ni bakin ƙofar makaranta, abin da bai taɓa yi wa malami ba. Ban ce masa Yallaɓai ba, ban kuma iya ce masa Baba ba.

Na yi shekara guda a gida. A gari kamar Kazaure masu makarantu duk sun san juna, ko'ina na je sai a ce za a neme ni. Wasu suka ce ni ce malamar da ta ce a daina takaba, har wata maƙwabciya ta hana 'yarta zuwa wurina karatun yamma. Ban bi gida-gida ina wanke kaina ba, ban kuma je na ba kowa haƙuri ba. Na yi wa Hajja Kaka wanki da girki, na sake karanta littattafaina, na koyi yin shiru a gidan biki. Yanzu ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata ƙaramar makaranta a Yankwashi, kullum a bayan acaɓa, ina nuna wa yara bambancin baƙi da wasali.

Bayan girbin shekarar da aka sallame ni Nafisat ta zo gidanmu da ƙullin gero a leda, ta ce in ji mahaifiyarta, na gonar ne. Ta ce sabon malami ya rubuta musu a allo cewa Mai Garma mai taurin kai ce, sun kwafe. Ta ce ita da Mu'minat sun karance sauran littafin su biyu a bayan aji, har yanzu ba su shirya sosai ba, amma sun yarda a kan abu ɗaya, cewa ƙarshen bai yi musu daɗi ba.

Ni ma bai taɓa yi mini daɗi ba. Mai Garma ta riƙe gonarta, alkama ta yi kyau, amma babbar 'yar ta tafi birni ba ta dawo ba, maƙwabta kuma ba su taɓa cewa sun yi kuskure ba. Marubucin bai yi mata rangwame ba. Na so a ce ni na kai yaran wannan babin, in tambaye su ko gonar ta kai abin da aka biya.

Da za a mayar da ni gaban ajin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma ba kyauta na faɗe shi ba. Na rasa aikin da na fi so a duniya, na rasa yaran da na koya wa gardama, kuma Baba Abatcha, wanda ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, bai ƙara taka ƙofar gidanmu ba.